Kariya a bayan tirelar kwana: kilo nawa bamba za ta ɗauka? Tambayoyi da amsoshi

Sana'ata walda, kuma a nan cikin birnin Katsina nake yin ta. Yawancin abin da ke shigowa shagona ƙofofi ne da tagogi da bodin motocin kaya. Amma 'yan shekarun nan an fara jawo mini wani abu da a da sai dai mu gan shi a talabijin: tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gadonsa da ɗan kicin da banɗaki. Ba su da yawa a garin nan. Masu su galibi mutanen da aiki ke kwanar da su a wajen gari ne, kamar masu haƙa rijiyar burtsatse da 'yan kwangilar hanya da masu gona mai nisa. Kusan duka na hannu ne, wasu daga Amurka, wasu daga Turai. Kuma kowa ya zo buƙatarsa ɗaya ce: a yi masa kariya, wato abin ɗora kaya na ƙarfe, a bambar baya, ya samu inda zai ɗora janareta da jarkoki.

Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini a bakin shago. Na tara su wuri guda ne saboda raina yana ɓaci duk lokacin da aka dawo mini da ƙarfen da ya yage a hanya ana cewa tsautsayi ne, alhali tun daga gida aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Malam, a gajarce mini: kilo nawa bambar nan za ta ɗauka?

In bambar da tirelar ta zo da ita daga Amurka ce, ba a ƙara mata komai ba, to Alhaji kaɗan ne ƙwarai. Kamfanonin da ke ƙera su ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun ce safaya kaɗai aka yarda a rataya, wasu sun ba da ɗan adadi, wasu kuma sun hana a ɗora komai. Saboda haka a fara duba littafin tirelar, ko takardar da aka liƙa a jikin bambar in tana nan. In babu ko ɗaya, kamar yadda yawancin na hannu suke zuwa, ni a shagona ba na wuce kilo 50. Kuma a cikin hamsin ɗin nan har da nauyin kariyar kanta, har da safaya in a wurin take rataye. Wannan ƙa'idata ce ta mai sana'a, ba dokar wani kamfani ba.

Yi lissafin da kanka. Safaya da wilinta ta ci kusan 20, kariyar ƙarfe ta ci 25 ko kusa da haka. Abin da ya rage bai kai jarkar ruwa ɗaya ba.

Amma ai an rubuta 500 a jikin kariyar da na sayo.

An rubuta, amma ba kilo ba ne. Fam ne, ma'aunin Amurkawa, kuma fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Fam 500 kilo 227 ne. Wannan kuskure kaɗai ya isa ya sa mutum ya ninka kayansa fiye da sau biyu.

Na biyu kuma ya fi muhimmanci. Lambar nan tana faɗin ƙarfin kariyar ce ita kaɗai, in an zura ta a ƙugiya mai ƙarfi da ke ɗaure a shasin mota. Ba ta ce komai ba game da abin da kai za ka maƙala ta a jikinsa. Tsakanin kayanka da kwalta abubuwa huɗu ne: kariya, maƙalin da ke riƙe ta a bamba, bambar, sai waldar da ta haɗa bamba da shasi. Guga komai ƙarfinsa, in igiya ta ci, a rijiya zai kwana. Maƙalan da ake ɗaurewa da noti a jikin bamba, da yawansu fam 200 aka rubuta musu, wato kilo 90. Cire nauyin kariya, saura 65. Bambar kuwa sau da yawa ko wannan ba za ta jure ba. Wanda ya fi kowa rauni a cikin huɗun nan, shi ne iyakarka.

Ba ƙarfe ba ce? Me zai sami ƙarfe?

Ƙarfe suna ya tara. Cire murfin roba da ke gefen bambar ka leƙa ciki, za ka ga rami ne tun daga wannan baki har wancan. Bututu ne mai kusurwa huɗu, inci huɗu kowane gefe, wajen santimita 10, kuma kaurin ƙarfensa a yawancinsu bai wuce milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ƙofar gidan da nake yi wa mutane wani lokacin ta fi shi kauri. Amurkawa sun bar shi da rami ne don su riƙa ajiye tiyon da suke zubar da ruwan banɗaki da shi. To tiyo mai danshi ya shekara goma yana kwana a cikin siririn ƙarfe, ka san abin da tsatsa ta yi. Daga waje fenti yana ƙyalli, daga ciki ƙarfe ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Na sha ƙwanƙwasa irinsu da guduma in ji ƙasar tsatsa tana zuba.

Sannan ba danna bambar kaya suke yi ba, murɗa ta suke yi. Kariya tana fitowa ne baya, tsakiyar kayan yana nesa da bamba da kamar santimita 40. Duk wanda ya taɓa kwance notin taya da ya ƙi ya san dabarar: a zura bututu a sifana a ƙara mata tsawo, sai a taka. Notin da ƙato ya kasa, yaro ya kwance shi. Kariya ita ce bututun, kayanka su ne ƙafar da ke takawa, waldar bamba kuma ita ce notin. Shi ya sa in ta tashi lalacewa ba a tsakiya take lanƙwashewa ba. A gefen walda take yagewa, inda ta haɗu da shasi, kamar an yaga kwali.

Na hau kai ni da yarona mun yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba.

Na yarda. Amma tsalle nawa kuka yi? Biyar? Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, kuma a wannan tafiyar kaɗai bayan tirela zai yi sama ya dawo sau dubbai. In aka sauka daga kwalta aka hau burji mai gargada zuwa gona, abin ya ƙaru. Yawancin tirelolin nan sifirin kawai gare su, babu abin da ke shanye girgiza kamar na mota, kuma can ƙarshen baya shi ne inda tsalle ya fi tsanani, kamar yadda fasinjan kujerar baya a bas ya fi kowa shan wuya. A lokacin da taya ta faɗa rami ko ta haye tudun rage gudu, kilo 60 zai iya bugun bamba da ƙarfin ninki biyu ko fiye.

Ƙarfe kuma yana gajiya. Ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya, ba abin da zai same ta. Ka yi ta kai da komo, sai ta yi zafi ta karye a hannunka. Haka tsaga ke farawa a gefen walda, siririya kamar gashi, tana tsawo a hankali har ranar da za ta saki.

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zuwa in yi masa kariya. Na faɗa masa abin da nake faɗa muku, ya ga kamar ina neman ƙarin kuɗin aiki ne, ya tafi wani wuri aka yi masa. Wata biyu yana yawo lafiya. Ranar da ta saki yana hanyar Daura ne, ya wuce Mashi kaɗan. Gefe ɗaya ya yage, ɗayan ya riƙe, sai kariyar ta riƙa jan ƙasa tana tartsatsi, ga janareta da mai a cikin tankinsa. Shi bai ma sani ba, don ba a ganin bayan tirela ta madubi. Mai babur ne ya bi shi yana ɗaga masa hannu har ya tsaya. Da janaretan ya faɗo gaban mai babur ɗin nan, da wani zance ake yi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don wanda ke bayanka bai ci ba bai sha ba, shi zai fara biyan kuɗin gangancinka.

To a cire ta a sa mai kauri, ko a ɗaure kariyar a shasi kai tsaye. Shi ke nan?

Rabin matsala ta tafi. Saura rabin da ya fi kisa, kuma walda ba ta maganinsa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san amalanke. In aka jibge kaya a bayan tayoyi, gaba yana ɗagawa, har ka ga jaki yana neman barin ƙasa. Ɗan ga-ruwa ma ya san inda zai fara sauke jarka a kurarsa don kada ta kife masa. Tirela amalanke ce. Tayoyinta suna kusa da tsakiya, kuma dole wuyanta, wato ƙarfen gaba da ke hawa ƙugiyar mota, ya danne motar da wani nauyi. Ga tirelolin Amurka ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar gaba ɗaya da kayanta. In nauyin wuya ya yi ƙasa da haka, tirela takan fara kaɗa wutsiya in an yi gudu.

Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi. A ce tirelarka da kayan cikinta kilo 1,500 ce, wuyanta kuma yana danna ƙugiya da kilo 170. Wannan ya yi, ya ɗan haura kashi 11. A ce daga ƙugiya zuwa gatari, ƙarfen da ya haɗa tayoyin, mita 4 ne, daga gatari zuwa tsakiyar kariya kuma mita 2. Ka ɗora kilo 100 a baya, har da kariyar. Wuya zai rasa rabin wannan, kilo 50, saboda nisan baya rabin nisan gaba ne. Yanzu wuya ya koma 120, tirela ta koma 1,600. Kashi 7 da rabi ke nan. Ka fita daga inda ake da aminci, kuma ba ka ji komai a jikinka ba, don a tsaye komai daidai yake.

Akwai wani abu da mutane ke mamaki in na faɗa. Kilo 100 ka ɗora, amma 150 ne ya hau kan gatari da tayoyi: ɗarin da ka sa, da hamsin ɗin da wuya ya sauke. Nauyi ba ya ɓata, wuri yake canzawa.

Ko da ka mayar da wani kaya gaba ka cike gurbin wuya, tirelar da aka yi wa nauyi a can gaba da can baya ba ta kai wadda kayanta ke tsakiya natsuwa ba. Riƙe tabarya a tsakiya ka juya ta, sannan ka ɗaura dutse a kowane bakinta ka sake juyawa. In ta fara tafiya, tsayar da ita aiki ne.

Yaya zan auna nauyin wuyan? Ba ni da na'urar Turawa.

Ba ka buƙatarta. Sikelin ƙasa irin na masu sayen hatsi ko masu sayen tsohon ƙarfe ya isa. Ka loda tirelar kamar yadda za ka yi tafiya, da ruwa da gas da komai. Ka tsayar da ita a fili mai daidai, ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi. Ka tsaya katako mai ƙarfi a kan sikeli, tsawonsa ya kai wuyan daidai tsayin da yake zama a kan mota, sannan ka sauke wuyan a hankali a kansa. Abin da sikeli ya nuna shi ne.

In sikelin auna mutum gare ka, wanda ba ya kaiwa nan, ga dabara. Ajiye bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗaya gefen, tsakaninsu santimita 90, tsayinsu ɗaya. Gitta katako mai kauri a kansu. Sauke wuyan a santimita 30 daga bulo, wato 60 daga sikeli. Abin da sikeli ya nuna ka ninka sau uku. Ka auna kafin a ɗora kaya a kariya, ka sake aunawa bayan an ɗora. Bambancin da za ka gani da idonka ya fi duk bayanin da zan yi maka.

In ta fara kaɗa wutsiya a hanya, me zan yi?

Cire ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sosai ka miƙe shi, ka bar gudu ya sauka da kansa. Kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka ce za ka bi ta da sitiyari kana gyarawa, don hannunka ba zai yi daidai da lilonta ba, ƙara mata za ka yi. In tirelarka mai birkin lantarki ce kuma an haɗa maka abin sarrafa shi a cikin mota, ka matsa na tirelar kaɗai da hannu, shi zai ja ta ta miƙe. Masu cewa a ƙara wuta ta daidaita, kada ka saurare su.

Da ka tsaya, kada ka ci gaba a haka. Sauke kayan baya ka mai da su ciki. Abin da ke tayar da lilon sau da yawa ƙarami ne: babbar mota ta wuce ka da iskarta, ko iskar hunturu ta bugo daga gefe a fili, ko ka kauce wa rami ko akuya. Gudu kuma shi ne mai hura wutar. A Ingila, inda jan irin waɗannan ya zama ruwan dare, doka ba ta bari mai jan tirela ya wuce mil 50 a awa a hanya mai hannu biyu da ba a raba ba, kilomita 80 ke nan. Hanyoyinmu da jakuna da babura da kasuwa a bakin titi sun fi buƙatar a sassauta ƙasa da haka.

Tawa daga Turai take, ba Amurka ba. Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma taka ta fi rashin haƙuri. Yawancin na Turai ba su da bambar ƙarfe sam. Abin da kake gani a baya roba ce ta ado da ke riƙe fitilu. Shasinsu siriri ne mara nauyi da aka yi wa rufin tutiya don kada ya yi tsatsa, kuma kamfanin AL-KO da ke ƙera shasin da yawansu ya hana a yi masa walda ko a huda shi. Nauyin wuyansu ma ƙarami ne tun asali, kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ake nema. Wanda wuyansa kilo 75 ne kacal, in ka cire masa 40 me ya rage? In irin wannan aka kawo mini, ba na karɓar aikin, ko nawa za a biya.

Ni janareta ɗan ƙarami ne kawai da jarka biyu. Wannan ma kaya ne?

Mu ƙirga. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 kilo 25 ce, biyu 50. Fetur ya fi ruwa sauƙi, jarka ɗaya wajen kilo 19, man dizal wajen 21. Ƙaramin janaretan nan da ake ɗauka da hannu ɗaya yana kai kilo 20, mai tayoyi kuwa da ke ɗaukar firiji ya ninka haka ko fiye. Tukunyar gas da ake kira mai kilo 12.5, gas ɗin ne kaɗai 12.5, in an haɗa da ƙarfenta wajen ninki biyu ne. To ƙaramin janareta da jarkar ruwa biyu da kariya, ga ka a kilo 95. Buhun siminti biyu ke nan saura kaɗan. Da wani ya ce maka ka rataya buhun siminti biyu a wannan siririn bututun ka kama hanyar Jibiya, ai ba za ka yarda ba.

Babur fa?

A'a. Babur irin na 'yan acaɓa ya haura kilo 100 shi kaɗai. A bayan a-kori-kura ake sa shi a ɗaure.

In nauyin bai wuce ba, zan iya sa fetur da gas a can?

Ban so ba. Bayan tirela shi ne inda za a fara bugunka in wani ya kasa birki, kuma shi ne inda ba ka gani. Ga zafin garin nan, a watan Afrilu yana haura digiri 40, jarkar fetur tana kumbura a rana tana fitar da tururi. Tukunyar gas tana da mazauninta da aka yi mata a gaban tirela, a can za ta zauna a tsaye a ɗaure. Janareta kuma kada a tayar da shi a kan kariya mutane suna barci a ciki. Hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana shiga ta taga da ƙasan ƙofa, kuma mun sha jin gidajen da aka wayi gari an rasa mutane ta wannan hanya. A sauke shi a kai shi nesa, bakin salansa yana kallon wani wajen.

To ina zan sa kayana?

Masu nauyi a ƙasa, a cikin tirela, daidai kan tayoyi ko ɗan gaba kaɗan, a ɗaure su kada su yi yawo. In motar da ke ja a-kori-kura ce, janareta da jarkoki su hau bayanta kusa da kai, amma ka tuna nauyin wuyan tirela ma a kanta yake, yana cikin lissafin abin da za ta iya ɗauka. Kariyar baya ta dace da abin da ke cin wuri amma ba ya da nauyi: tabarmi, kujerun roba, bokiti, jarkokin da ba komai a ciki, tiyo.

Maigida, ni ma walda nake koya. In dole sai an yi, yaya ake yin mai kyau?

Madalla da ka tambaya kafin ka kunna inji. Abu na farko, shiga ƙarƙashi ka duba shasin da kanka. In na Amurka ne mai dogayen ƙarafa biyu, kuma tsatsa ba ta ci ƙarshensu ba, to a kansu za ka yi gini, ba a kan tsohuwar bamba ba. Ka gitta sabon bututu mai kauri, milimita 4 ko 5, tsakanin ƙarafan biyu. Ka haɗa shi da farantan ƙarfe da suka shiga jikin shasin sosai, ba a bakin ƙarshe kawai ba, don nauyi ya bazu. Ka sa tokara daga ƙasan kariya zuwa shasi a kowane gefe, ita ce ke hana murɗawar da na yi bayani. Kariyar kuma ka matso da ita jikin tirela iyakar iyawa. Gara ta yi faɗi ta gefe da ta yi tsawo ta baya.

Kada ka ce za ka ƙara wa tsohuwar bamba walda ta yi ƙarfi. Ƙarfen siriri ne, ko da siririyar sandar walda mai geji 12 ka yi aiki in wuta ta yi yawa hudawa za ka yi, kuma gefen da ya sha zafi nan ne zai fara tsagewa. Kafin ka fara, cire batir, fitar da tukunyar gas, ka duba inda wayoyi da bututun gas da tankunan roba suka bi. Daɓen tirela katako ne, ka kare shi da farantin ƙarfe, ka ajiye ruwa kusa, kuma kada ka tafi gida sai ka tabbata ba abin da ke ci a ɓoye.

Ka ɗaga kariyar kada ta yi ƙasa da shasi. Bayan tirela dogo ne, in za a shiga gidan mai ko a haye kwalbati shi ke fara gogar ƙasa.

In ka gama, ka faɗa wa mai ita gaskiyar kilo nawa zai sa, ka rubuta masa da fenti a jikin kariyar. Direbansa ne zai yi lodi, ba shi ba.

Su waɗannan haruffa da ke jikin tirela, me suke nufi?

A ta Amurka akwai takarda a gefen hagu ta gaba. GVWR shi ne iyakar nauyin tirela da duk abin da ke cikinta da bayanta. GAWR shi ne iyakar abin da gatari ɗaya zai ɗauka. A ta Ingila za ka ga MTPLM a ɗan faranti kusa da ƙofa, ma'anarsa ɗaya da na farkon. Kariya ba ta ƙara ko kilo ɗaya a waɗannan lambobi, ci take yi daga cikinsu, har da sabon ƙarfen da aka yi mata.

Tayoyi ma suna da tasu lambar a gefe, bayan lambar girma. In ka ga 90, kilo 600 taya ɗaya za ta ɗauka, in 100 ne kilo 800. Akwai kuma lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tirelar hannu sau da yawa tana zuwa da taya mai zane kamar sabuwa amma ta tsufa a tsaye. Ƙarin kilo 150 ɗin nan na misalin da na bayar a kan tsofaffin tayoyi, a kwaltar da rana ta gasa, shi ke kawo fashewa.

Jami'an hanya za su tare ni saboda kariya?

In kaya sun rufe lambar tirela ko fitilun birki da sigina, suna da hujja, ko na FRSC ne ko na jiha. Amma ko ba don su ba, ka tuna mai binka da dare. A mayar da lamba da fitilu bayan kariya, a liƙa abin ƙyalli ja a kusurwoyinta biyu, kuma kada kaya su fi tirelar faɗi.

An riga an yi mini, ina amfani da ita. Me zan riƙa dubawa?

Kafin kowace tafiya ka durƙusa da tocila ka dubi inda bamba ta haɗu da shasi, hagu da dama. Fenti da ya tsage a layi, ko jan layin tsatsa siriri a gefen walda, tsaga ce ta fara. Ka koma gefe ka hango kariyar: in bakinta na baya ya sunkuya ƙasa fiye da yadda yake ranar da aka sa ta, bambar ta fara murɗewa. Ka kama ta da hannu biyu ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas noti ya saki. Ɗaurin kaya kuma da bel mai ƙugiya za a yi shi, ba da robar tayar babur ba, sannan a ƙara sarƙa daga janareta zuwa shasin kansa, don ko kariya ta saki kada ya faɗa titi.

In ka kama hanya, tsaya bayan kilomita 20 na farko ka zagaya baya ka taɓa komai. Mai zuwa Kano ya sake dubawa a Kankiya, mai zuwa Daura a Mashi. In ka ga tsaga, ko ƙanƙanuwa ce, a nan za ka sauke kayan ka mai da su cikin mota, kariyar ta ƙarasa tafiyar ba komai a kanta.